Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Makarantun Sakandare da Malaman Kimiyya na Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena da yayyena malamai, bayan gaisuwa da yi muku sannu da ɗawainiya, ina roƙon ku saurare ni kan wani darasi da ya zama maraya a azuzuwanmu, wato ilimin duwatsu da tarihin ƙasar da muke takawa. Ni ba malamin aji ba ne. Sana'ata ita ce auna wurin da za a haƙa rijiyar burtsatse, kuma akasarin samarin da ke ja mini waya da kafa ƙarafa a fili daga hannunku suka fito. Abin da nake gani a tare da su ne ya sa na rubuto muku.

Yaran nan suna da kai. In ka tambayi ɗayansu rabe-raben duwatsu, zai jero maka guda uku da Turanci ba gargada: wanda ya daskare daga narkakken dutse, wanda ya taru daga laka da yashi, da wanda zafi da matsi suka sauya wa kama. Ya haddace don WAEC da NECO, kuma ya ci. Amma ka ɗauki tsakuwa ɗaya daga tulin da tifa ta juye a bakin gini ka miƙa masa, ka ce wanne ne a cikin ukun, sai ya jujjuya ta ya yi murmushi ya ce, "Oga, ai wannan dutse ne kawai." Ya gama aji shida bai taɓa riƙe dutse a hannu da sunan karatu ba.

Na san inda gizo ke saƙar. Darasin a warwatse yake. Kaɗan na cikin labarin ƙasa, wanda ba kowane ɗalibin kimiyya ke ɗauka ba, kaɗan na cikin ilimin noma, wani guntu kuma ya maƙale a kemistiri. Kowane malami na zaton ɗan'uwansa ya riga ya koyar, zango ya ƙare, a wuce. Sauya manhaja ba a hannunku yake ba, ba kuma shi nake nema ba. Abin da nake cewa shi ne Allah ya ajiye ku a garin da darasin ke tsaye a fili, kuma kuna da ikon nuna wa yara shi. Kada a ce rijiya ta bayar guga ya hana.

Ku fara da Kufena. Duk wanda ya bi ta Wusasa ya gan shi, kuma yaranmu sun san shi da labarin Sarauniya Amina da mutanen da suka zauna gindinsa kafin birni ya kafu. Abin da ba su sani ba shi ne dutsen kansa ba a nan sama aka yi shi ba. Giranit ne, wanda ya daskare daga narkakken dutse a zurfin kilomitoci ƙarƙashin ƙasa, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan ɓangarorin ɓawon duniya suka yi karo da juna a wannan sashe na Afirka. Karon ya tayar da dogayen tsaunuka a inda muke noman masara yau. Ruwan sama da rana da iska suka yi ta cin su har suka ƙare, suka tone abin da ke binne a ƙasansu. Kufena da Madarkaci da Tukur-Tukur su ne wuraren da suka fi tauri, waɗanda suka ƙi ruɓewa lokacin da na kewaye da su ya zama ƙasa.

Yaro zai tambaya, kuma yana da gaskiya: ta yaya aka san a ƙarƙashi ya daskare? Amsar na cikin tafin hannunsa. A fasa guntu a ba shi ya duba sabon gefen a rana. Zai ga ƙwayoyi iri uku. Akwai farare ko masu ruwan hoda, masu kusurwa, wasunsu sun kai kan ɗan yatsa, su ne feldsfa. Akwai masu launin toka da ke ɗaukar ido irin na gilashi, su ne kwaz. Sai baƙaƙe masu walƙiya da ake iya ɓantarowa fallen-fallen da farce, su ne maika. Ƙwaya ba ta girma haka sai narkakken dutsen ya huce a hankali, cikin dubban shekaru, a wurin da zafi ba ya saurin fita. A ajiye kusa da shi baƙin dutsen Biu ko na yankin Panyam a Filato, wanda ya fito daga dutse mai aman wuta ya huce a sarari nan da nan. Da ƙyar za a ga ƙwaya a cikinsa. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan biyun, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya gama da wannan babi har abada.

Daga nan sai a bi dutsen zuwa gida. Feldsfa in ya daɗe yana shan ruwa yakan ruɓe ya zama yumɓu. Kwaz ba ya ruɓewa, sai dai ya warware ya zama yashi, shi ne masu tifa ke ɗiba a Kubanni da Galma. Ƙarfen da ke cikin baƙaƙen ƙwayoyin nan ya yi tsatsa, shi ya rina ƙasarmu ja, in kuma ya taru ya ƙame ya zama marmara. Ke nan ganuwar Zariya, da tubalan gidajen cikin birni, da Masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, duk ruɓaɓɓen dutse ne da aka kwaɓa. Kududdufan unguwanninmu ramukan da aka ɗebo shi ne. Mutanen da kuma daga tamar da ke cikin irin wannan ƙasa suka narkar da ƙarfe, masu binciken kayan tarihi sun tono matoyansu da kashin maƙera a yankin Samaru. Hatta ƙurar hunturu da ke sa mu tari tana da asali: mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, kuma tana cikin abin da ya yi ƙasar saman gonakinmu.

Babbar wahalar wannan darasi ita ce lissafin shekaru. Ka ce wa ɗan shekara sha shida miliyan 600, ka ce masa miliyan 60, duk ɗaya ne a kunnensa. Ga dabarar da ba ta cin kuɗi. A samo igiyar guga mai tsawon mita 45 da 'yan kai a shimfiɗa a filin ƙwallo, a ce kowace mita shekara miliyan 100 ce, tunda shekarun duniya kimanin miliyan 4,540 ne. A sa yara su taka daga farko. Za su yi tafiyar kusan mita 40 ba su haɗu da wata halittar da ta wuce ƙananan ƙwayoyi ba. Saura mita 6 igiya ta ƙare sai a ɗaura ƙyalle a ce nan Kufena ya daskare, lokacin ba kifi a ruwa, ba itace ko ciyawa a tudu. Saura kamar mita 1 da santimita 70, duwatsun Jos masu kuza suka samu, dangin na Kudaru da Riruwai. Saura mita 1 da ɗoriya, Afirka da Kudancin Amurka na rabuwa, ƙasa ta tsage ta yi kwarin Binuwai. Saura santimita 66, manyan dabbobin nan da ake kira dainoso suka ƙare. Sai malami ya ce a nuna masa zamanin Sarauniya Amina. Ba rular da za ta auna shi, bai kai kaurin silin gashi ba. Ku bar su su yi ta gardama a bakin igiyar, kada a yi saurin kora su aji.

Sannan a gaya musu cewa teku ta taɓa kwanciya a ƙasar Sakkwato. Ba tatsuniya ba ce. Dutsen farar ƙasa da ake sarrafa siminti da shi a Kalambaina ya taru ne a gindin wata teku marar zurfi da ta ratso Sahara kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, kuma har yau ana samun ɓawon halittun ruwa a cikinsa. A yankin ne aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo. A maƙwabciyarmu Nijar, a hamadar yankin Agadas, an tono dainoso da dama da wani kada da tsawonsa ya haura mita 9. Simintin Ashaka a Gombe, da kwal ɗin Inugu da aka gano a 1909, da man Kolmani da aka ƙaddamar da aikinsa a 2022, duk daga irin waɗannan duwatsu masu hawa-hawa suke. Mu a Zariya ba mu da su, don ƙasarmu tsohon dutse ne da ya sha wuta. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce ya hango man fetur a Basawa, ɗalibin da ya fahimci darasin zai san ya riƙe aljihunsa.

Ta ina aka samo waɗannan alƙaluma? Malamin fiziks ya riga ya koyar da amsar a aji shida, sai dai ba a haɗa masa ita da dutse ba. Sinadarin yuraniyom yana rikiɗa ya koma dalma a kan ƙa'ida tsayayya: nau'insa mai lamba 238, rabinsa ke juyewa cikin shekara miliyan 4,470. Cikin giranit akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira zarkon, masu kama yuraniyom lokacin da suke daskarewa. In aka auna nawa ya rage, nawa ya zama dalma, an san shekarun dutsen. A ba yara marafan kwalba ɗari su watsa a ƙasa, a kwashe waɗanda suka kife, a sake watsa sauran, su rubuta abin da ke raguwa kowane zagaye, za su ga yadda lissafin ke tafiya. Da irin wannan awo ne wani masani ɗan Amurka, Clair Patterson, ya fitar da shekarun duniya a 1956, ta hanyar duwatsun da suka faɗo daga sama. Mu ma muna da namu. Ranar 3 ga Oktoba 1962, ana gobe za a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina. Daga baya bincike ya tabbatar daga duniyar Mars ya fito, don iskar da aka samu a kulle cikinsa ta yi daidai da wadda aka auna a can. Masana a faɗin duniya sun san sunan Zagami. Ku tambayi ajinku gobe ko akwai wanda ya taɓa ji.

Akwai abin da ba a cika faɗa a fili ba, bari in faɗa. Wasu malamai na tsallake maganar miliyoyin shekaru ne don gudun kada wani uba ya zo ya ce ana koya wa ɗansa abin da ya saɓa wa addini. Na fahimci tsoron, garinmu garin malamai ne. Amma a cikin Suratul Ankabut, aya ta 20, an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta, a Suratu Faɗir kuma, aya ta 27, an ja hankalinmu ga zane-zanen da ke jikin duwatsu, farare da jajaye masu launi daban-daban da baƙaƙe ƙirin. Kusan shekara dubu da suka wuce masanin nan Musulmi Albiruni ya dubi tsakuwar kogunan Indiya, manya kusa da tsauni, ƙanana can nesa, ya ce filin da suke ratsawa teku ce da koguna suka cike. Ibn Sina ya yi rubutu kan yadda tsaunuka ke samuwa da yadda ruwa ke cin su. 'Yan'uwanmu Kirista na Wusasa da Sabon Gari su ma suna da abin tunawa: Nicolas Steno, wanda a 1669 ya kafa ƙa'idar cewa shimfiɗar dutse ta ƙasa ta girmi ta sama, daga baya bishop ya zama. Shawarata ga shugaban makaranta ita ce ya zauna da malamin addini da na kimiyya tun kafin zango ya fara, su ji ta bakin juna, don kada yaro ya ji abu biyu masu karo a rana ɗaya ya rasa wanda zai tambaya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, don ya shafi rai. A ƙasa irin tamu, ruwa ba ya zama cikin lafiyayyen dutse. Yana zama ne a ruɓaɓɓen da ke samansa da kuma cikin tsagogi. Kaurin ruɓaɓɓen nan wani wuri 'yan mitoci ne, wani wuri ya haura mita 20, tsaga kuma tana iya bi ta gidan wani ta kauce wa na maƙwabcinsa. Shi ya sa gida biyu katanga ɗaya, wannan rijiyarsa na kai wa damina, waccan ta ƙafe tun watan Fabrairu. Na sha tsayawa ina kallon magidanci ya zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa, injin ya yi ta niƙa dutse, farar ƙura busasshiya na tashi, shi kuwa yana cewa a ƙara zurfi. Ƙarin zurfi a dutsen da ba tsaga asarar gas ce kawai. In abin ya ƙi, sai a ce sammu ne, ko mai haƙa ya yi ha'inci. Ga kuma masai da ake haƙawa taku kaɗan daga rijiya, alhali shawarar masana lafiya ita ce a bar tazarar mita 30 in da hali. Yarinyar da ta san cewa ruwan ƙasa tafiya yake yi, kuma yana ɗauke da abin da ya tarar a hanya, ba sai an yi mata dogon bayani kan amai da gudawa ba ranar da ta zama uwar gida.

Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sanadin gubar dalma. Iyayensu zinariya suke nema. Dutsen da suke haƙowa na ɗauke da dalma mai yawa, suka riƙa kawo shi gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, ƙurar na sauka a abinci da inda yara ke rarrafe. A 2015 aka sake yin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dutsen dalma ba shi da wuyar ganewa: nauyi gare shi fiye da girmansa, launinsa toka-toka mai sheƙi, in ya fashe yakan rabu gida-gida masu kusurwa huɗu. Sau da yawa ma shi ne ake niƙawa a sayar a matsayin tozali, a ranƙaya wa jarirai a ido. Ku da ni mun san samari nawa ke barin unguwanninmu su tafi ramukan zinariya, yanzu kuma ga haƙar litiyom, ma'adinin da ake yin batir da shi, ta shigo. Ba za ku iya hana su tafiya ba. Amma kuna iya sa su tafi da sanin dutsen da ba a niƙawa kusa da yara, da dalilin da ramin da aka haƙa a jiƙaƙƙiyar ƙasa ke ruftawa. Haka nan lokacin da ƙasa ta motsa a Kwoi cikin Satumban 2016, da Mpape ta Abuja a 2018, jita-jita ta riga bayani isa gidaje, don ba a koya wa mutane cewa tsofaffin tsagogin dutse kan ɗan gyara zama lokaci-lokaci ba.

Za ku ce mini tsaro. Gaskiya ne, ba shugaban makarantar da zai kwashi yaran mutane ya kai su bayan gari a wannan zamani ba tare da ya yi tunani sau bakwai ba, kuma ba zan ce ku yi kasada da rai ba. In hanyar Kufena ba ta kwanta muku ba, Madarkaci na cikin ganuwa, Tukur-Tukur na tsakiyar mutane. In ma fita ba ta yiwu, duk inda ake tona harsashin gini ko sabuwar rijiya kusa da makaranta, bangon ramin darasi ne: baƙar ƙasa a sama, ja a ƙarƙashinta, marmara, sannan ruɓaɓɓen dutse mai taushi. Ku gayyato tsohon mahaƙin rijiya ya yi musu bayani da Hausa. Mutanen nan sun san hawa-hawan ƙasar Zariya da hannunsu, malami sai ya ɗora sunayen littafi a kai.

Ga kuma sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, tafiyar mota ɗaya daga Kwangila. Takarda guda daga ƙungiyar shugabannin makarantu ta isa ta buɗe magana, ko a kai yara su ga dutse ta madubin ƙara girma, ko a roƙi ɗaliban ajin ƙarshe su riƙa leƙo makarantu. Hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa, wadda asalinta ya koma 1919, tana da ɗakunan gwaji a Kaduna. Ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN ma za ta iya ware zama ɗaya don malaman da su kansu ba a taɓa nuna musu ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Kowace makaranta ta haɗa akwatin duwatsu. Cikin iyayen yara akwai direbobin da ke zuwa Sakkwato da Jos da Gombe da Biu, a roƙe su kowa ya riƙo guntu ya faɗi inda ya ɗauko, a rubuta a manna. Ruwan lemun tsami a kan garin dutsen farar ƙasa zai yi kumfa, a kan giranit ba zai yi ba. Kwalbar ruwa da aka zuba wa ƙasa aka girgiza za ta nuna yashi ya riga kwanciya, laka ta biyo baya. Mai fasa dutse ya kare idonsa, sauran su ja baya. Dutsen dalma kuwa a sa shi a kwalba a rufe, a duba ta waje, kada a bari a daka shi ko a yi wasa da shi.

Ni da abokan sana'ata muna da abin da za mu bayar. Duk rijiyar da ake haƙawa, injin na fito da garin kowane hawa na ƙasa, mu kan tara shi tsibi-tsibi a gefe don mu san inda muka kai, in an gama a share. Daga yanzu zan riƙa ƙulla shi a leda, kowace mita uku ƙulli ɗaya, da zurfin da sunan unguwar a rubuce, kuma zan yi wa sauran masu injin magana su yi haka. Makarantar da ke so ta tanadi kwali da wurin ajiya marar laima, ta kuma sa malami ɗaya ya kula da shi. In ana aiki kusa da ku, ku turo aji guda da malaminsu da safe kafin rana ta yi zafi, su tsaya nesa da injin inda za mu nuna musu.

Allah ya ƙara muku haƙuri da lafiya, ya albarkaci yaran da ke hannunku.

Naku,
Wani ɗan garinku mai aikin binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa,
Tudun Wada, Zariya.